Allah Ɗaya, Gari Bamban: Yadda Rigimar Jamus Ta Iso Kwarin Binuwai

Watannin baya aka kira ni zaman sasanci a wani gida da ke bayan titin Shendam, nan cikin Lafiya. Maganar aure ce. Yaron ɗan Katolika ne, yarinyar kuma gidansu Furotesta ne tun zamanin Turawan mishan. An kai gaisuwa, an biya sadaki, har an fitar da anko, saura kawai a tsai da majami'ar da za a ɗaura. Dangin ango suka kafe sai a gaban Fada, kuma sai ɗansu ya yi alkawarin da ekklesiyarsa ke nema, cewa zai yi iyakar ƙoƙarinsa 'ya'yan su tashi a Katolika. Kakan amarya, dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin bishara a ƙauyuka bisa keke, ya doka sandarsa a ƙasa ya ce muddin yana numfashi jikarsa ba za ta koma Roma ba. Da ƙura ta ɗan lafa na matsa kusa da shi na ce, "Baba, wai me ya haɗa ku da su tun asali?" Ya dube ni sheƙeƙe, ya ce, "Ɗana, haka muka tarar."

Na daɗe ina bibiyar tarihin wannan rabuwa, kuma ban taɓa jin amsar da ta kai ta tsohon nan gaskiya ba. Haka aka tarar. Abin tambaya shi ne wa ya ajiye ta har aka tarar, kuma don a gano shi sai an je Jamus.

Farkon labarin ba ya buƙatar dogon zama. Kiristanci ya shiga ƙasashen Jamusawa ta gaɓar kogin Rhine tun zamanin Rumawa, ya ƙara nutsawa ciki ta hannun masu wa'azi irin su Boniface, wanda aka kashe a 754, sannan Sarki Charlemagne ya shafe kusan shekara talatin yana tilasta wa ƙabilar Saxon baftisma da kaifin takobi. Zuwa 1500 kowa Katolika ne, in ban da Yahudawa. Sai dai babu wata ƙasa guda mai suna Jamus. Abin da ke akwai tarin masarautu ne da birane masu cin gashin kansu, ɗaruruwa, ƙarƙashin wani Kaisar da manyan sarakuna bakwai ke zaɓa. Uku daga cikin bakwai ɗin manyan bishop-bishop ne, na Mainz da Köln da Trier. A riƙe wannan da kyau: bishop a wancan zamani sarki ne mai ƙasa, mai haraji, mai mayaƙa.

Ɗaya daga cikinsu, Albrecht, ya haɗa kujerar Magdeburg da ta Mainz tun bai kai shekara 25 ba. Haɗa kujeru haka sai da izinin Roma, izinin kuma da tsada, don haka ya ci bashi wurin attajiran gidan Fugger na Augsburg. Hanyar biya ita ce sayar da takardun sassaucin horon zunubi, rabin kuɗin ya tafi ginin majami'ar Bitrus a Roma, rabi ya toshe bashin. Mai tallan, Johann Tetzel, ya iya baki. Da mutanen Wittenberg suka fara tsallaka iyaka suna sayowa, suna dawowa da takarda a hannu suna ganin sun huta da tuba, sai wani malamin jami'ar garin, ɗan zuhudu mai suna Martin Luther, ya rubuta batutuwa 95 na ƙalubale ya aika wa Albrecht ranar 31 ga Oktoba, 1517. Daga ƙorafi kan ciniki magana ta zarce zuwa tushe: da me mutum ke samun ceto, kuma wa ke da ta cewa, Fafaroma ko Littafi Mai Tsarki?

A nan masu bayani suka rabu. Malaman majami'a, na kowane ɓangare, sun fi son a ce aƙida ce ta raba Jamus: wasu suka gamsu da Luther, wasu suka ƙi. 'Yan boko kuma sun fi ƙaunar labarin injin buga littafi, wai ƙasidun Luther da fassararsa ta Sabon Alkawari da ta fito a 1522 su suka yi aikin. Akwai masu cewa ai yanayin ƙasa ne, arewa mai nisa da Roma ta ɓalle, kudu ta tsaya. Kowanne da ƙamshin gaskiya, amma taswira ba ta goyon bayansu. A Mainz Gutenberg ya ƙera injinsa, Mainz kuwa ta zauna Katolika. Köln cike take da maɗaba'a, ita ma ba ta motsa ba. Nürnberg da Württemberg suna kudu, suka bi Luther. Münster da Paderborn suna arewa, suka ƙare a hannun Roma. In kuwa gamsuwa da wa'azi ce, me ya sa gamsuwar take tsayawa cak a bakin iyakar masarauta, kamar akuyar da aka ɗaure a turke?

Ni dai abin da na gani shi ne sarki. Shekara ɗari kafin Luther, Jan Hus na Bohemiya ya faɗi da yawa daga abin da Luther ya faɗa, aka ƙone shi a Konstanz a 1415. Luther ya tsaya gaban Kaisar Charles na Biyar a Worms a 1521, ya ƙi janye maganarsa, aka halatta jininsa, amma ya mutu a kan gadonsa a 1546. Bambancin shi ne Friedrich, sarkin Saxony, wanda ya sa aka yi kamar an sace Luther a hanya aka ɓoye shi a ganuwar Wartburg. Friedrich ɗin nan fa mutum ne da ya tara dubban kayayyakin waliyyai, ƙasusuwa da ƙyallaye, mutane na zuwa ziyara suna ajiye kuɗi. Ya hana Tetzel shiga ƙasarsa, kuma ba sai an yi duba ba a gane cewa mai kasuwa ba ya son a buɗe wata a ƙofar gidansa. Jami'ar Wittenberg shi ya kafa ta a 1502, Luther kuma shi ne tauraronta. Kaisar da zai murƙushe su duka hannunsa a cike yake, ga Faransa ta yamma, ga Sarkin Musulmi Sulaiman na Daular Usmaniyya da ya kewaye Vienna a 1529. Yana buƙatar sojojin sarakunan nan, dole ya riƙa haɗiye fushi. Ruwa ba ya tsami banza: sarkin da ya bi Luther ya gaji gidajen zuhudu da gonakinsu, ya kuma zama shi ke naɗa fastocin ƙasarsa. Talakawa da suka ɗauka 'yancin da ake wa'azi ya haɗa da su, suka yi bore a 1525, an karkashe su dubbai, Luther kuma ya tsaya bayan sarakuna.

Bayan an gabatar da takardar bangaskiyar Lutheran a Augsburg a 1530, an gwabza yaƙi a 1546 da 1547, aka dawo Augsburg ɗin a Satumban 1555 aka rubuta abin da nake faɗa ya zama doka: addinin sarki shi ne addinin ƙasarsa, Katolika ko Lutheran. Talakan da bai yarda ba an ba shi dama guda, ya sayar da kayansa ya ƙaura.

Mai son ganin yadda dokar ta yi aiki ya dubi garuruwa biyu a gindin tsaunukan Harz, Osterode da Duderstadt. Tsakaninsu tafiyar yini ɗaya ce a ƙafa. Osterode na ƙarƙashin sarakunan Grubenhagen da suka bi Luther, ta zama Lutheran. Duderstadt na yankin Eichsfeld, mallakar babban bishop na Mainz. Mutanen Eichsfeld da yawansu sun riga sun karɓi koyarwar Luther da kansu, ba wanda ya sa su. Amma daga wajen 1574 mai ƙasar, Daniel Brendel, ya zo da kansa, ya kori fastoci, ya kawo malaman Jesuit suka buɗe makaranta a Heiligenstadt. Jikokin waɗanda aka mayar da ƙarfi su ne suka zama Katolikan da suka fi kowa riƙo a tsakiyar Jamus, har gwamnatin gurguzu ta Jamus ta Gabas ta yi shekara arba'in ba ta tanƙwara na ɓangarenta ba, har Fafaroma Benedict ya kai musu ziyara a 2011. A masarautar Pfalz kuwa abin ya zama kamar wasan yara: Lutheran a 1556, koyarwar Calvin bayan 'yan shekaru, Lutheran kuma a 1576, Calvin kuma a 1583. Manomi ɗaya, bai taɓa barin ƙauyensu ba, an sauya masa ɗariƙa sau huɗu.

Gaba ta kai har kalanda. Da Fafaroma Gregory ya gyara lissafin kwanaki a 1582, ƙasashen Furotesta na Jamus suka ƙi karɓa, don daga Roma gyaran ya fito, ba su sauka ba sai 1700. Fiye da shekara ɗari ƙauyuka maƙwabta na bikin Kirsimeti da ratar kwana goma. Mu da muka san yadda gardamar ganin wata ke raba unguwa ɗaya gida biyu ranar Sallah, ba mu da bakin yi musu dariya.

Sulhun 1555 ya fashe a 1618, lokacin da manyan Furotesta na Prague suka wurgo wakilan Kaisar ta taga. Yaƙin ya ci shekara talatin. A Magdeburg kaɗai, a Mayun 1631, kimanin mutum 20,000 suka hallaka da sojojin ɓangaren Kaisar suka ci garin ya kama da wuta. Masana na ƙiyasta cewa tsakanin kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar sun tafi, yawancinsu ta yunwa da annoba. Ana kiransa yaƙin addini, amma a duba wa ke bayan wa. Saxony, gidan Luther, da Kaisar Katolika ta fara tsayawa. Faransa ta Katolika, wadda Kadinal Richelieu ke juyawa, ita ta riƙa biyan Sarkin Suwidin ɗan Lutheran kuɗin yaƙi, daga baya ta shigo da kanta a 1635.

Sulhun Westphalia na 1648 shi ne wurin da ya fi burge ni, don ba a sasanta aƙida ko ɗaya ba. Lauyoyi ne suka zauna suka ɗauki rana guda, 1 ga Janairu, 1624, suka ce duk majami'a da dukiyarta ta zauna a hannun wanda ke riƙe da ita a ranar. Sarki na iya sauya ɗariƙa, amma ba zai ƙara jan talakawansa ba. Shi ya sa da sarkin Saxony ya koma Katolika a 1697 don ya samu sarautar Poland, mutanensa suka ci gaba da zama Lutheran. A Osnabrück aka yi karɓa-karɓa, bishop Katolika ya mutu ɗan Lutheran ya hau, haka har farkon ƙarni na 19. A Augsburg aka raba muƙaman gari biyu daidai, kuma har yau garin na hutun zaman lafiya kowace 8 ga Agusta. Masu cewa karɓa-karɓa da rabon muƙami cutar Nijeriya ce kaɗai, su karanta wannan babin. An ƙara 'yan Calvin cikin waɗanda doka ta sani, suka zama uku. Wanda bai faɗa cikin ukun ba ya shiga uku, kamar ƙaramar ƙungiyar 'Yan'uwa da ta fara a ƙauyen Schwarzenau a 1708, wadda ta ƙare da ƙaura zuwa Amurka.

An daina harbi, amma ba a daina hararar juna ba, kuma wurin da ta fi fitowa shi ne aure. A 1837 gwamnatin Prussia ta kama babban bishop na Köln, Droste zu Vischering, ta tsare shi a Minden, saboda ya ƙi yarda a ɗaura auren gauraye ba tare da alkawarin renon 'ya'ya a Katolika ba. Maganar da muka kwana muna yi a bayan titin Shendam ke nan, ba ragi ba ƙari. Bismarck ma ya gwada ƙarfinsa da Katolika a shekarun 1870, ya kori 'yan Jesuit, ya ɗaure limamai, ya ga ba riba ya saki.

To, a Osterode ɗin nan da na ambata wani yaro mai suna Karl Kumm ya tashi, haifaffen 1874. Shi ne ya kafa ƙungiyar mishan ta SUM a Birtaniya a 1904, kuma a shekarar ya iso Nijeriya da abokan aiki uku suka sauka a Wase. Burinsa a fili yake, bai ɓoye ba: ya jera tashoshin mishan daga Neja zuwa Nilu don ya tare Musulunci kafin ya gama shiga ƙabilun da ba su karɓe shi ba. Da a ce an haife shi a Duderstadt, da wataƙila Fada ne zai zama. Gidan 'yantattun bayi da aka gina don tunawa da matarsa Lucy an buɗe shi a 1909 a Rumasha, wato Umaisha ta ƙaramar hukumar Toto a jiharmu. Ƙasa da shekara uku bayan saukar Kumm a Wase, a Fabrairun 1907, limaman Katolika uku na ƙungiyar SMA suka iso Shendam, jagoransu Oswald Waller, mutumin Alsace, yankin da a lokacin ke hannun Jamus. A kudancinmu kuma, a shekarun 1930, limaman Holy Ghost Jamusawa ne ke riƙe da aikin Katolika na yankin Binuwai, har Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke Turawan Ingila suka tsare su suka fitar da su. Daga wannan reshe daular bishop ta Makurɗi ta fito, daga Makurɗi da Jos kuma aka yanko ta Lafiya a Disamban 2000, da Matthew Ishaya Audu a matsayin bishop na farko.

Abin da ya faru a nan shi ne 1555 da wata riga. Lugard ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addininsu ba, don haka aka riƙa kange 'yan mishan daga biranen sarakunan Musulmi ana tura su wajen ƙabilun duwatsu da na bakin kogi. Su kuma 'yan mishan na Furotesta suka raba filin tsakaninsu don kada su taka ƙafar juna. Reshen SUM na Birtaniya ya riƙe Filato, ya haifi COCIN. Turawan Afirka ta Kudu suka rabu biyu: masu bin ekklesiyar Dutch suka shiga ƙasar Tibi, aka samu NKST, sauran suka fara a Keana a 1916 suka haura duwatsun Eggon da Mada, aka samu ERCC mai hedikwata a Alushi. 'Yan'uwan nan na Schwarzenau, da suka zama Amurkawa, suka sauka Garkiɗa a 1923, aka samu EYN. Likita Niels Brønnum ɗan Denmak, wanda matarsa ta rasu a Rumasha suna kan hanya, ya isa Numan a 1913, aka samu ekklesiyar Lutheran ta LCCN. Me ya sa Babacamen Numan yake Lutheran? Don Brønnum ɗan Denmak ne. Me ya sa Denmak take Lutheran? Don Sarki Christian na Uku ya ce haka a 1536. Katolika ba sa cikin wannan rabo, ba su kuma ga dalilin girmama shi ba, shi ya sa gasar ta koma ta makaranta: wanda ya riga kafa aji da allo a ƙauye, shi ke da ƙauyen. Dagacin da ya ba Fada fili, ko ya hana shi, ya yanke wa jikokin garinsa hukuncin da bai san ya yanke ba.

Na san za a ce na raina bangaskiyar mutane, na mai da ita rabon gona. Ban ce kakan amarya ba da gaske yake ba. Mutumin da ya yi shekaru yana tura keke cikin taɓo don wa'azi ba ya buƙatar shaidata. Mutanen Eichsfeld ma da gaske suke. Amma riƙo da gaske abu ne daban, yadda abin ya zo hannunka kuma daban. Hujja mafi ƙarfi a kaina ita ce birni. Layin dogo na gabas da ya ratsa Lafiya ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa Igbo da Katolikancinsu, ba da izinin dagacin kowa ba, kuma tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996 majami'un Fentikos ke kwasar matasa daga kowane ɓangare. Na yarda. Jamus ma haka taswirarta ta dagule da masana'antu, da kuma miliyoyin 'yan gudun hijirar da suka kwararo bayan 1945. Amma a shiga ƙauye a tambayi sunan majami'ar da ta fi tsufa, a tambayi Baturen da ya fara kwana a garin, a gani ko amsoshin biyu za su saɓa.

Abin mamaki, jikokin rabon sun fi iyayen gidansu saurin haɗa kai. Ekklesiyoyin da suka fito daga SUM da 'Yan'uwa sun kafa tarayyarsu a 1955, wadda yau ake kira TEKAN, shekara 400 cif bayan Augsburg, kuma Hausa ce ta ɗinke su, harshen Littafi Mai Tsarki na 1932 da na waƙoƙin sujada. A 1976 suka zauna inuwa ɗaya da Katolika a CAN, ko da yake kowa da rukuninsa, kuma zaman ba ya rasa tsamin da ke tasowa lokaci zuwa lokaci. Su can Turai sai 31 ga Oktoba, 1999, a Augsburg, Roma da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka sa hannu cewa la'anar da suka yi wa juna kan batun ceto a ƙarni na 16 ba ta hau koyarwar da suka bayyana tare ba. A 2016 Fafaroma Francis ya je Lund ta Suwidin aka yi addu'a tare. A Mayun 2017 kuma, shekarar cika 500 da ƙalubalen Luther, Tarayyar ta taru a Windhoek ta zaɓi shugabanta: Babban Bishop Musa Panti Filibus na LCCN ɗin nan ta Numan. Wanda ya gaje shi a 2023, Henrik Stubkjær, ɗan Denmak ne. Wittenberg kanta yau yawancin mazaunanta ba sa bin kowace majami'a.

Auren dai an ɗaura shi. Fada ya nemo izinin bishop, aka yi a majami'ar ango, faston gidan amarya ya zo da rigarsa ya yi addu'a ya sa albarka. Zumuntar mata ta ɓangarorin biyu suka haɗu a farfajiya da tulunan kiɗa da caki, kowace ƙungiya da zanenta. Baba ya zo, cikin babbar rigarsa ta shuɗi, amma bai shiga ba. Aka kawo masa kujerar roba ya zauna ƙarƙashin mangwaro daura da taga, inda yake jin komai. Da aka fito, amarya ta zo ta durƙusa gabansa, ya dafa kanta ya daɗe yana addu'a, sannan ya ɗago ya tambayi ango ko an tanadar wa mutanen ƙauye motar komawa.